Shaidar Da Na Bayar A Kan Gugan Ashraf

Tun da maganar ta fita a gurup ɗin ƙawayenmu na makaranta nake samun saƙonni. Wata ta ce na cika taurin kai. Wata ta ce in da ita ce, ko mene ne saurayinta ya ƙera sai ta rantse ya fi na kowa. To ku ji daga bakina tukuna, sannan kowa ta faɗi abin da ta ga dama.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni, sunana Surayya, 'yar Malam Labaran, tsohon malamin lissafi. Gidanmu yana Tudun Wada a Zariya, mai koren ƙyaure da bishiyar gwaiba da ta leƙo ta saman katanga. Shekarata ashirin da shida. Kwamfuta na karanta, kuma tun ina hidimar ƙasa na shiga wani aikin sa kai da ake kira Masaƙa. Manhaja ce ta kyauta. Ka ba ta rubutunka da hotunanka, ta ƙera maka shafukan intanet ta ajiye, shafuka marasa nauyi da ke buɗewa ko a ƙaramar waya ce mai sabis ɗin layi ɗaya. Ƙananan makarantu da asibitocin unguwa su suka fi amfani da ita. Mu biyu ke riƙe da aikin, ni da Malam Ernest, malamin sakandare da ke zaune a Wusasa, wanda shi ya fara rubuta ta.

Akwai ƙananan ƙari da mutane ke rubutawa su liƙa wa Masaƙa, muna kiransu filogin. Wannan ya ɗauko lokutan salla, wancan ya ɗauko farashin hatsi, wani ya ɗauko jadawali daga takardar da aka ajiye a intanet. Kowanne sai ya aika an ɗebo masa bayani daga wani wuri, kuma abin da ke yin wannan aike shi ake kira laburaren HTTP. Aikinsa ke nan kawai, ya je ya ɗauko ya kawo. Matsalar ita ce kowa da irin nasa yake zuwa. Da muka duba, har guda bakwai muka samu suna karo da juna. Sai aka yanke a zaɓi ɗaya ya zama na kowa. Bayan wata biyu ana muhawara, biyu suka rage. Akwai Pombo, tsoho ne, yana da ɗan nauyi, wasu mutane a can Brazil ke kula da shi. Sai kuma Guga.

Guga kuwa Ashraf ne ya rubuta shi. Ashraf ɗin da wata bakwai ke nan yana zuwa zance gidanmu.

A kan Masaƙar muka haɗu. Ya aiko da gyara na mayar masa sau uku, a na huɗu ya rubuto, “Malama, wai makaranta nake ko aikin sa kai?” Daga nan ya kama kirana Malama, ni kuma ina ce masa Injiniya. Dogo ne, ba shi da yawan magana, in zai yi dariya sai ya fara sunkuyar da kai. Ɗan Gyallesu ne, mahaifinsa ya rasu yana aji uku a jami'a, shi ne ke riƙe da mahaifiyarsa da 'yan ayyukan da yake samu nan da can. Baba ya bincika, ya gamsu, ya ce ya turo. Aka sa Asabar. Ranar rufe zaɓen laburare kuma Juma'a ce, ƙarfe sha biyu na rana. Wallahi ban taɓa haɗa ranakun biyu a raina ba sai ranar Lahadi.

Ranar, bayan la'asar Ashraf ya zo, cikin farar shadda da hula mai ruwan toka. Ni kuma na sa atamfata shuɗiya mai zanen ganye, na yafa mayafi ruwan madara. A ƙaramin falon Baba muke zama, ƙofa a buɗe, Inna tana giftawa kamar tana neman wani abu. Na kawo masa kunun aya, ya riƙe kofin bai sha ba.

“Malama, akwai abin da ban gaya miki ba.”

“Ina ji.”

“Kamfanin nan na Legas sun kira ni. Litinin ta sama za su yi mini intabiyu ta ƙarshe ta bidiyo. Daga gida ake aikin, ba sai na bar Hajiya ba.”

“Alhamdulillahi. Shi ne ka ɓoye mini?”

“Ina jira ya tabbata ne. Guga ne ya ja hankalinsu. Na rubuta musu cewa Masaƙa na shirin mayar da shi na kowa.”

“Na shirin?”

“To ba haka ba ne? Kowa ya ce ya fi sauƙi. Ke da bakinki kin ce.”

Na ce kam. Kuma ba ƙarya na yi ba. Guga ƙarami ne, bai kai rabin nauyin Pombo ba, layi biyu ka rubuta ya ɗauko maka abin da kake so, ga bayaninsa da Hausa da Turanci. Shekara guda Ashraf ya yi yana gina shi. Ina alfahari da shi fiye da yadda nake nunawa.

“Wannan aikin ne ya ba ni ƙarfin cewa Baba na shirya,” ya faɗa yana kallon kofin.

Na yi murmushi na ce Allah ya tabbatar. Amma da na raka shi bakin ƙofa na dawo, sai maganar ta dawo mini. Ya kai sunan Masaƙa gaban mutane tun ba a yanke ba, kuma ni ce ɗaya daga cikin biyun da za su yanke.

Ranar Talata da hantsi ina wanke-wanke wayata ta yi ƙara. Sista Miriam ce, nas a wani ƙaramin asibiti a Tudun Jukun. Da Masaƙa suke wallafa jadawalin rigakafi da awon ciki, kuma ita ce ta farko da ta yarda a gwada Guga a shafinsu.

“Surayya, shafinmu ya cinye rabin jadawali.”

“Kamar yaya, Sista?”

“Jiya na rubuta a ƙasa cewa an ɗage rigakafin yau zuwa Alhamis, allurar ba ta iso ba. Na danna, ya ce mini komai ya tafi lafiya. Yau na zo na tarar da mata tara a kan benci da goyonsu. Ɗaya tun daga Kwangila da tagwaye. Na buɗe shafin a wayarta, daga rana ta uku zuwa ƙasa babu komai.”

Na ɗauraye hannu, na zura hijabi, na saɓa jakar kwamfuta na tari keke. A hanya ina ta addu'a ya zama Sista ce ta yi kuskure. Ku yi mini uzuri, haka zuciya take.

Ba ita ba ce. Na zauna a teburinta, gefen sikelin awon jarirai, na haɗa kwamfutata da datar wayarta, wadda ke zuwa tana ɗaukewa kamar wutar unguwarmu. Na sa Guga ya ɗauko jadawalin, yana cikin ɗaukowa na kashe datar. Na maimaita sau ashirin. Sau shida ya dawo da rabin takarda ya ce ya gama. Ba ya duba ko abin da ya karɓa ya kai yawan da aka ce an aiko masa. Na sauya na sa Pombo. Shi in sabis ya yanke sai ya sake gwadawa, in ya gagara ya tsaya cak, ya bar tsohon shafi yadda yake, ya rubuta da ja cewa bai samu duka ba. Sau ashirin, ko sau ɗaya bai kawo rabi ba.

Sista Miriam tana tsaye a kaina, hannunta cikin aljihun farar rigarta.

“Wannan ɗin ba na mutuminki ba ne?”

“Nasa ne.”

“Ayya.” Ta ɗan dafa kafaɗata. “Ni dai mayar mini da wanda ba zai sa in sake ba mai tagwaye haƙuri ba.”

Na mayar mata da Pombo, na fito waje ƙarƙashin bishiyar darbejiya na kira Ashraf. Na faɗa masa komai.

“A ofishin wani abokina nake gwaji,” ya ce a hankali. “Intanet ɗinsu ba ya yankewa. Ban taɓa ganin haka ba.”

“Na sani, Injiniya.”

“Mata nawa kika ce?”

“Tara.”

“Innalillahi. Ki ba Sista haƙuri kafin in kira ta da kaina. Ki ba ni zuwa gobe, zan gyara.”

Kun ga abin da ya sa nake son sa. Bai musa ba, bai ce laifin wayar Sista ba ne. Matan ya fara tambaya.

Laraba Goggo Kulu, ƙanwar Baba, ta iso da buhun fulawa da tukunyar suya, wai ba za a ce baƙi sun zo neman 'yar yayanta an tare su da lemon kwalba kaɗai ba. Gida ya cika da ƙamshin cincin da dubulan. Aka fito da sabbin labule, aka wanke kafet ɗin zaure aka shanya a kan katanga. Goggo ta kama hannuna ta juya.

“Lalle fa? Ko da hannun danna kwamfuta za ki tare su?”

“Goggo ai ba ni za su gani ba, Baba za su gani.”

“Mata za su biyo baya. Gobe mai lalle za ta zo.”

Da azahar saƙon Ashraf ya shigo: “Na tura gyara. Yanzu yana auna abin da ya karɓa. Ki gwada ki ga.” Ya haɗa da hoton kofin shayi da idonsa da ya yi ja. Na rubuta masa, “Sannu da ƙoƙari.” Na ji sanyi a raina har na zauna na taya Goggo yanka cincin ina waƙe-waƙe.

Alhamis da safe, kafin mai lalle ta zo, na koma wurin Sista na sake gwajin a gefe, ba a shafinsu ba. Gyaran ya yi aiki, jadawalin asibiti ya zo daidai duk sau ashirin. Har na fara tattara kaya sai na tuna filogin ɗin makarantu, mai ɗauko sakamakon jarrabawa. Inda yake ɗaukowa ba a faɗin yawan abin da za a aiko tun farko, gutsure-gutsure ake turowa har a gama. Na tsaya da hannuna a kan zif ɗin jaka. Babu wanda ya ce in gwada wannan. In na rufe jakar na tafi, babu wanda zai sani.

Na buɗe na gwada. Sau biyu cikin ashirin, Guga ya kawo rabin sunayen ɗalibai ya ce ya gama.

A tsakar gida na kira Ashraf, mai lalle tana zana mini hannun hagu, wayar tana maƙale a kunnena.

“Wannan ba gyaran kwana ɗaya ba ne,” ya ce. Muryarsa ta dusashe. “Sai na sake gina wani ɓangare gaba ɗaya. Surayya, ki sa a ɗage zaɓen. Sati biyu kawai.”

“An ɗage sau biyu fa. Mutum sha ɗaya ke jira su sake rubuta filogin ɗinsu kafin makarantu su fitar da sakamako.”

“To kar ki rubuta na biyun. Na farkon an gyara. Wannan zan gyara shi kafin kowa ya ci karo da shi. Biyu cikin ashirin ne, kuma ke kike kashe datar da gangan.”

“A Tudun Jukun ba sai an kashe da gangan ba.”

“Intabiyu ta Litinin ce. Kin san za su buɗe shafin muhawarar su karanta.”

“Na sani.”

“To me kike so in ce musu?”

Ya ce sai anjima, ya kashe. Tun da muke bai taɓa riga ni kashe waya ba.

Goggo tana bakin murhu, ashe duk ta ji.

“Ke jibi ake zuwa neman aurenki, kina gardama da yaron a kan guga? Rijiya ce da mu a gidan nan?”

“Goggo ba irin wannan gugan ba ne. Abin aiki ne ya ƙera, yana da matsala, kuma ni na gano.”

“To ki rufe bakinki mana. Waye ya tambaye ki? Namiji ko buta ya ƙera ta yoye, ce masa za ki yi ta yi kyau, bayan biki ki liƙe ta a ɓoye. Shekara ashirin da shida, sa'o'inki na kai yara makaranta. An samu yaro mai hankali ya fito, ke kuma kin tsaya kina yi masa makin jarrabawa kamar ubanki.”

Hawaye ya zubo mini, ga hannu da lalle ba halin sharewa. Inna ce ta zo ta goge mini da gefen zaninta. Ita ba mai yawan magana ba ce. Ta sa na ba ta labarin tun daga farko, da Hausar da za ta gane. Da na gama sai ta tambaye ni.

“Matan nan, da goyo suka je?”

“Da goyo, Inna.”

“A ranar nan ta Talata?”

“E.”

Ta miƙe ta koma ta ci gaba da tankaɗe. Ban san ko goyon baya ba ne ko tausayi, har yanzu ban tambaye ta ba.

Da lallen ya bushe na kira Malam Ernest. Na gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba, cewa mai Guga shi ne zai turo gidanmu jibi, don haka ina so in janye daga zaɓen.

Ya yi 'yar dariya. “Na daɗe da sani. Yadda yake karɓar gyaranki ba ya gardama, ai sai wanda ake shirin aure. Allah ya sanya alheri.”

“Amin, Malam.”

“Janyewarki daidai ce, ni zan yanke ni kaɗai. Amma Surayya, ƙuri'a daban, abin da kika gani da idonki daban. Wannan ba zan iya ɗauke miki shi ba. In kin ce mini babu komai, zan yarda da ke in zaɓi Guga, don ni ma shi nake so. Akwai wani abu?”

Na kalli jan lallen da ke tafin hannuna.

“Akwai, Malam. Gobe da safe zan rubuta.”

Juma'a bayan na share tsakar gida na zauna na rubuta. Na fara da abin da Guga ya fi Pombo, kuma ban rage ko ɗaya ba. Na rubuta abin da ya faru a asibiti, na rubuta cewa mai shi ya gyara cikin kwana ɗaya. Sannan na rubuta na biyun, da yadda kowa zai maimaita gwajin da wayarsa. A ƙarshe na bayyana cewa akwai alaƙa tsakanina da marubucin Guga, shi ya sa ba zan yi zaɓe ba. Ƙarfe tara na fara tura wa Ashraf. Na rubuta a ƙasa, “Ƙarfe sha ɗaya zan saka. Ban so ka gani tare da kowa ba.” Alama ta nuna ya karanta.

Sha ɗaya na saka. Sha biyu Malam Ernest ya yanke: Pombo ne zai zama na kowa, a sake duba Guga bayan wata shida. Ina zaune bakin gado, wayar a cinyata, har aka sauko daga masallaci. Sai ga rubutun Ashraf a ƙarƙashin nawa, a fili inda kowa zai gani: “Na maimaita gwajin. Abin da ta faɗa haka yake. Na goyi bayan hukuncin.”

Ni kuma a wayata, ko harafi ɗaya.

Bayan la'asar na ji tsayuwar mashin ɗinsa. Ko ɗankwali ban gyara ba na zura hijabi na fita. Yana tsaye jikin gwaibar nan, da kayan da ya je Juma'a, bai shigo falo ba.

“Na rubuta wa kamfanin,” ya ce. “Na gaya musu ba a zaɓi Guga ba, na tura musu dalilin.”

“Me suka ce?”

“Ba su ce komai ba tukuna.”

“Injiniya, ka yi haƙuri.”

“Ba ki yi ƙarya ba. Ni na roƙe ki abin da bai kamata ba, kuma tun jiya nake jin kunyar hakan.” Ya ɗago ya dube ni. “Amma ba zan ɓoye miki ba, ya yi mini ciwo. Shekara guda, Surayya. Na san gaskiyarki ce, amma in na tuna ke ce kika rubuta sai in ji kamar ba zan iya kallonki ba.”

Na riƙe bakin hijabina da ƙarfi.

“Baba yana ciki? Ina so in gaya masa da kaina. Da wannan aikin na ce masa na shirya. Ba zan bar Kawu Nagoda ya zo gobe ya yi magana a kan abin da wataƙila babu shi ba.”

Baba yana zaure yana sauraron rediyo. Ashraf ya cire takalmi ya shiga ya durƙusa. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na laɓe bayan labule. Ya faɗi komai bai rufe ba, har roƙon da ya yi mini in yi shiru. Ya ce yana neman a ɗaga zuwan manyansa har ya ga yadda Litinin za ta kasance.

Baba ya rage muryar rediyon.

“Abin da ta rubuta, gaskiya ne?”

“Gaskiya ne, Baba.”

“Kai kuma ka amsa a gaban mutane cewa gaskiya ne?”

“Na amsa.”

“To ni ban ga abin ɗagawa ba. Da na ce ka turo, ban tambaye ka takardar aiki ba. Na tambayi limamin unguwarku, na tambayi waɗanda suka koyar da kai, na ga yadda kake riƙe da mahaifiyarka. In dai don aiki ne, gobe ƙarfe goma ina nan zaune. In kuma zuciyarka ce ba za ta iya zama da macen da za ta gaya maka abinka bai yi ba, to wannan kai ka sani, kuma gara ka sani yau. Ba zan ji haushinka ba. Ita haka take, ba za ta sauya ba, ni na rene ta.”

Ashraf ya ɗago kansa. Ya ce, “Na gode, Baba.” Ya tashi ya fita ta ƙofar waje. Na ji mashin ya tashi. Bai neme ni ba.

Asabar tun da sassafe Goggo ta ɗora waina, fuskarta a murtuke, ba ta ko amsa gaisuwata da kyau ba. Inna ta fito mini da leshi ruwan goro ta ce in sa. Na sa, na zauna a ɗaki kamar baƙuwa. Baba ya sa babbar rigarsa ya zauna a zaure tare da abokansa biyu. Goma ta yi. Goma da kwata. Goggo ta leƙo ta ce, “To ga gugan nan, sai ki ɗebo su da shi.” Inna ta ce, “Kulu, ya isa.”

Goma da minti ashirin da biyar wayata ta yi ƙara. Shi ne.

“Har yanzu raina bai gama hucewa ba. Amma na kwana ina tunani, ban ga wadda zan yarda da maganarta kamar ke ba. Taya ce ta yi faci a hanya. Su Kawu suna kwanar gidanku.”

Ban gama karantawa ba na ji tsayuwar mota da sallamar maza a ƙofar gida. Goggo ta saki ludayi ta rangaɗa guɗa, Inna ta toshe mata baki tana dariya tana cewa ai ba a kai nan ba tukuna. Ni kuwa na kifa fuskata a filo na yi kukan da na riƙe tun Talata. Hoda da kwalli duk suka tafi.

Sun yi kusan awa guda a zaure. Ina jiyo muryar Baba, ina jiyo Fatiha. Na tashi na wanke fuska, na ɗauki waya in rubuta wa Ashraf amsar da ta dace. Sai na ga imel ya shigo tun ƙarfe goma, ban lura ba. Sunan kamfanin Legas ɗin ne a sama. Na ɗauka kuskure suka yi, nasa suka turo mini.

Sunana ne a jiki. Sun ce sun karanta rahoton da na rubuta a kan Guga, irin mutumin da suke nema ke nan, mai gwada abu yadda jama'a ke amfani da shi. Gurbi ɗaya ne gare su, in ji su, kuma suna so su gana da ni ranar Litinin ƙarfe sha ɗaya, awa guda bayan nasa.

Inna ta ɗaga labule, fuskarta cike da fara'a, ta ce, “An ba su, Surayya. Taso ki gaida Babanki.”

Na kife wayar a kan gado na bi bayanta. Yau Lahadi, bayan la'asar Ashraf zai zo, kuma har yanzu ban gaya masa ba.